Yadda Ake Zanen Bakin Teku da Fentin Mai a Fili

Wanda ya kafa allonsa a bakin teku don ya zana abin da ke gabansa, awa biyu yake da su, wani lokaci ma ba su cika. Rana tana gusawa digiri 15 a kowace awa, inuwar dutse tana juyawa tare da ita, ruwa kuma ko yana shigowa ko yana janyewa. Saboda haka aikin duka ya rataya a kan abu guda: a cikin minti ashirin na farko ka yanke shawarar inda haske yake da inda duhu yake, ka shimfiɗa su a allo, sannan ka riƙe wannan shawara har ka gama, ko da teku ta canza kama sau goma. Duk sauran shirye-shirye, daga kaya zuwa haɗa launi, suna nan ne domin su ba ka damar yin wannan cikin hanzari.

Ruwa kafin fenti

Tun kafin ka haɗa kaya, nemi jadawalin cika da janyewar teku na wurin da za ka je, ka tabbatar na ranar ne. A yawancin gaɓoɓin duniya teku tana cika sau biyu cikin awa 24 da minti 50, tsakanin cika da janyewa kuwa awa shida ne da 'yan mintoci. Amma ruwan ba ya tafiya da gudu ɗaya. Ma'aikatan jirgin ruwa suna raba hawansa kashi 12: a awa ta farko kashi 1, ta biyu kashi 2, ta uku da ta huɗu kashi 3 kowacce, ta biyar 2, ta shida 1. Ma'ana, rabin ruwan gaba ɗaya a cikin awa biyun tsakiya yake shigowa. Idan bambancin cika da janyewa mita 3 ne, a waɗannan awa biyu ruwa zai hau mita ɗaya da rabi, kuma a gaɓar da ta kwanta hakan yana iya cinye rairayi mai faɗin gaske. Dutsen da ka gina zanenka a kansa sai ya nutse kana kallo.

Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne awa ɗaya kafin ruwa ya kai ƙarshen cikarsa ko ƙarshen janyewarsa, domin a nan ne yake kusan tsayawa. Idan wurin yana ƙarƙashin gangaren dutse ne, inda hanyar fita ɗaya ce, kada ka shiga sai ruwa ya fara janyewa. A watan Nuwamba na 1885 Claude Monet, mai zane ɗan Faransa, yana zane a gindin duwatsun Etretat a Faransa, ya yi kuskuren duba jadawalin, igiyar ruwa ta maka shi da dutse ta tafi da kayan aikinsa. Ya tsira da ransa, amma ba kowa ke samun wannan sa'a ba. A tuna kuma cewa lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika, teku ta fi hawa sama, ta fi kuma janyewa nesa.

Wani abu da ke rikita masu son komawa washegari su ƙarasa zane: cikar teku tana jinkirta kusan minti 50 kowace rana. Idan ka koma a daidai lokacin da ka je jiya za ka sami hasken jiya amma ruwan ya bambanta. Sai bayan kimanin mako biyu haske da ruwa suke sake haɗuwa yadda ka bar su. Shi ya sa ake son a gama ƙaramin zane a zama ɗaya.

Iska ma tana da nata lokaci. A ranar da ake rana sosai, ƙasa tana ɗaukar zafi fiye da ruwa, sai iska ta taso daga teku daga hantsi zuwa yamma. Da sassafe an fi samun natsuwa.

Kayan da za ka ɗauka

Allon katako ya fi kyallen zane da aka ɗaure a firam. Kyalle yana kama iska kamar tantani, rana kuma tana ratsa shi ta baya ta ɓata maka ganin launi. Girman santimita 20 da 25, ko 24 da 30, ya isa. Wanda ya fi haka ba ya cika cikin awa biyu sai a hannun wanda ya daɗe a harkar. Shafa masa jeso, wato farin shafen share fage da ake sa wa allo kafin fenti, sau biyu ko uku, kana gogawa da sanfefa mai laushi tsakani, ka shafa bayansa ma sau ɗaya don kada ya lanƙwashe. Kwana ɗaya ko biyu kafin fita, ka rina fuskarsa da siririn ruwan ƙasa ko toka-toka ka bar shi ya bushe. Farin allo a bakin teku yana kashe ido, kuma duk launin da ka ɗora a kansa sai ya yi kamar ya fi duhu fiye da yadda yake.

Launi takwas sun wadatar. Tun da sunaye suna bambanta daga kamfani zuwa kamfani, duba lambar da ke jikin tub ɗin: farin titaniyom PW6, shuɗin altiramarin PB29, shuɗin kobal PB28, koren biridiyan PG18, rawayan ƙasa PY43, rawayan kadmiyom mai haske PY35, jan kadmiyom PR108, da ƙonannen siyena PBr7. Farin ka sayi babban tub, domin shi ne zai riga kowa ƙarewa. Farin zinki, PW4, yana tsagewa idan ya tsufa, kada ka yi kauri da shi. Shuɗin talo, PB15, yana da kyau a ruwa mai garau, amma ƙarfinsa ya yi yawa. Ɗigo ɗaya yana iya mamaye duk abin da ke farantin haɗa launi, don haka sabon shiga ya haƙura da shi tukuna. Wannan tub da muke matsawa kamar man goge baki shi ne ya sauƙaƙa zane a fili tun farko. John Goffe Rand, mai zane ɗan Amurka, ya yi rajistarsa a 1841, kafin nan a mafitsarar dabba ake ɗaure fenti.

Buroshi na gashi mai tauri, masu faɗin baki, lamba 4, 6 da 8, kowanne guda biyu: ɗaya na launuka masu haske, ɗaya na masu duhu, kada su haɗu. Ƙara siriri ɗaya don sandar jirgi ko tsuntsu, da wuƙar fenti. Ruwan tsinka fenti kuwa, nemi marar wari da ake yi don masu zane, mililita 100 a gwangwani mai murfin da ke kamewa. Tinar masu fentin gini ba ta dace ba. Man linsid, wato man da ake dama fentin da shi, cokali ɗaya ya isa. Sai tsummoki da yawa, leda ta zuba shara, ƙaramin littafi da fensir, hula mai baki, da ruwan sha.

Akwatin zane mai ƙafa uku shi ne ya fi sauƙi. Buɗe ƙafafun sosai, ka danna su cikin rairayi, sannan ka rataya jaka a tsakiya ka cika ta da duwatsu ko yashi kilo uku zuwa biyar. Wanda ya raina wannan jaka zai tsinci zanensa a kife cikin yashi.

Inda za ka tsaya

Allo da farantin haɗa launi duka su kasance cikin inuwa, kuma inuwa iri ɗaya. Idan rana tana dukan allo, kowane launi yana walƙiya, sai ka riƙa ƙara masa duhu ba ka sani ba. Ka koma ɗaki ka tarar da zanen rana tsaka ya koma kamar na magariba. Juya allon ya ba rana baya, ko ka kafa lema mai launin toka. Lema mai launi tana zuba launinta a kan aikinka, haka ma riga ja ko fara ƙal, don haka sa tufafi masu duhu marasa ƙyalli. Cire tabarau na rana, musamman irin wanda ke kashe ƙyallin ruwa, domin wannan ƙyalli yana cikin abin da ka zo zanawa.

Ka ɗauki minti goma kana kallo kawai. Tambayi kanka me ya tsayar da kai a nan. Ƙyallin rana ne a kan jiƙaƙƙen rairayi? Ko nauyin dutse ne da ruwa ke farfashewa a jikinsa? Rubuta amsar cikin jimla ɗaya a littafinka. Wannan jimla ce za ta gaya maka abin da za ka bari. Bakin teku cike yake da abubuwa masu jan ido, jirage, tsuntsaye, gajimare, mutane, kuma zanen da ya ba kowannensu muhimmanci ɗaya ba ya kama zuciyar mai kallo. Kana da ikon cire turken da ya tsaya a tsakiya, ko ka matsar da jirgi gefe, matuƙar haskensa ya dace da na sauran.

Sai ka yi ƙananan zane biyu ko uku da fensir, kowanne bai wuce girman akwatin ashana ba, da mataki uku kawai: fari, toka, baƙi. Ƙanƙance idanunka har ƙananan abubuwa su ɓace, manyan siffofi su rage. Galibi sama ce ta fi haske, rairayi mai kwance ya biyo ta, gangaren tudu ya fi shi duhu, fuskar dutse da ke tsaye ta fi kowa duhu, saboda ita ce ta fi ƙarancin samun hasken sama. Teku kuwa sai ka duba da kyau, domin tana iya fin sama duhu nesa ba kusa ba, tana kuma iya finta haske idan kana fuskantar rana.

Minti ashirin na farko

Fara da layin da sama ta haɗu da ruwa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan layi kada ka yarda da shi: auna daga saman allo a hagu da dama, ka sa alama, ka haɗa su. Karkata ta milimita biyu ta isa ta sa teku ta yi kamar za ta zube ta gefe. Kada ka ajiye layin a tsakiyar allo. Idan sama ce maganarka, sauke shi ƙasa, idan ruwa da duwatsu ne, ɗaga shi. Layin nan kullum daidai da tsayin idonka yake. Mai tsaye a bakin ruwa yana hango kusan kilomita 5, wanda ke kan tudu mai mita 30 yana hango kusan 20, shi ya sa daga sama teku take cika allo, daga ƙasa kuma take zama siririn ɗamara. Idan za ka sa mutane a rairayin da kake tsaye a kai, kawunansu duka kusa da layin za su faɗo, na kusa da na nesa. Ƙafafunsu ne ke sauka ko hawa.

Haɗa altiramarin da siyena, ka tsinka shi har ya yi ruwa-ruwa, ka zana manyan siffofi da buroshi lamba 4. Nan take cike duk inda inuwa take, siriri, ba fari ko kaɗan a ciki. Waɗannan inuwoyi su ne alƙawarin da ka ɗauka. Bayan awa ɗaya za ka ga inuwar dutse ta koma wani gefe, wataƙila ma ta fi kyau, zuciya ta ce ka bi ta. Idan ka bi ta, za ka ƙare da zanen da rana ke fitowa ta wurare biyu. In sabon hasken ya burge ka ƙwarai, ɗauko sabon allo.

Kafin ka ci gaba, haɗa manyan launuka biyar ko shida da wuƙa, kowanne tuli mai girman babban yatsa: sama, teku mai nisa, ruwan kusa, busasshen rairayi, jiƙaƙƙen rairayi, dutse a haske. Ɗiga kowanne a wurinsa a allo, ka ja baya taku uku ka kwatanta su da juna. Gyara a wannan mataki minti ɗaya ne, bayan an cike allo kuwa ya zama aiki.

Launin ruwa

Nan ne aka fi yin tuntuɓe, domin mutum yana zuwa da shuɗi a ransa. Ruwa yana nuna abu biyu a lokaci guda, kuma rabonsu ya dogara da kusurwar da kake kallo. Can nesa, inda ganinka ke shafar fuskar ruwa a kwance, yawanci sama kake gani a cikinsa. Kusa da ƙafarka, inda kake kallo ƙasa, cikin ruwan kake gani da abin da ke gindinsa. Saboda haka teku ɗaya tana iya zama shuɗi mai toka a nesa, kore mai zurfi a tsakiya, ruwan ƙasa mai ɗan kore a bakin gaɓa inda igiya ke tayar da yashi. Na nesa, gwada altiramarin da ɗan biridiyan da fari, ka kashe kaifinsa da ɗigon siyena. Na kusa, biridiyan da rawayan ƙasa da fari. A ranar hadari, kusan duk toka ce mai karkata zuwa kore ko shunayya, kuma waɗannan ranaku sun fi sauƙi ga mai koyo tun da haske ba ya gudu.

Igiyar ruwa ba ta tsayawa a zana ta, don haka zaɓi mataki ɗaya na rayuwarta, misali lokacin da ta tashi tana shirin karyewa, ka riƙa kallon wannan mataki kaɗai a kowace igiya da ta zo. Dubi guda ashirin kafin ka taɓa allo. Za ka lura cewa bayanta yana ɗauke da launin sama, fuskarta da ke kallonka ta fi duhu, can saman inda ta yi siriri kuma haske yana ratsa ta ya ba da kore mai tsabta kamar na kwalba. Wannan kore ka sa shi da shafa ɗaya, biridiyan da ɗan rawayan kadmiyom, ka bar shi. Tazarar da ke tsakanin layukan igiya tana raguwa yayin da suke nisa, har su haɗe kusa da iyakar sama. Wanda ya jera su da tazara ɗaya ya mayar da teku bango.

Kumfa ba fara ƙal ba ce. Tana da ɓangaren inuwa kamar kowane abu mai jiki, kuma wannan ɓangare ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Fara da shi: fari da altiramarin da ɗigon ja, toka mai ɗan shunayya. A kansa ka ɗora na haske, fari da ɗan ɗigon rawaya, da kauri, a wurare uku ko huɗu kawai. Farin titaniyom shi kaɗai sanyi gare shi, yana kama da alli. Ɗigon rawayan ne ke sa shi ya yi kamar rana ta taɓa shi. Zanen kumfar da ke kwance a kan ruwa kuwa, ramukanta da ke zagaye idan an kalle su daga sama, daga inda kake tsaye shimfiɗaɗɗu ne, dogaye a kwance.

Jiƙaƙƙen rairayi ya fi busasshe duhu da mataki ɗaya ko biyu, sai dai inda ruwa bai gama tsanewa ba, wanda ke zama madubi. A cikin wannan madubi abu mai duhu yana fitowa da ɗan haske, mai haske kuma da ɗan duhu. Ja buroshi daga sama zuwa ƙasa don hoton abin, sannan ka gitta shi da shafa ɗaya ko biyu a kwance. Dutsen bakin teku kuma yakan kasu hawa-hawa: busasshe mai haske a sama, jiƙaƙƙe mai duhu a tsakiya, gansakuka kore mai kusan baƙi a gindi. Wannan layi na jiƙa shi ne ke dasa dutse cikin ruwa. Tsaunin da ke nesa ka sassauta shi, ka ƙara masa launin sama, ka tausasa gefensa, domin iskar teku cike take da tururi.

Sama ba ta buƙatar dogon bayani: ta fi zurfin shuɗi a bisa kai, tana haske tana ɗumi yayin da take sauka. Shafa ta da wuri, kada ka yi ta komawa.

Abin da ke ɓaci

Launi ya koma laka idan fari ya shiga cikin duhu, ko aka yi ta shafa wuri ɗaya. Ƙarin fenti a kai ba ya gyara shi. Kankare wurin da wuƙa har allo ya bayyana, goge buroshi, haɗa launin daga farko, ka ɗora sau ɗaya. Idan sabon fenti ya ƙi kama na ƙasa yana zamewa, na ƙasan ne ya yi kauri ko ya yi mai da yawa. Ƙa'idar ita ce siriri marar mai a ƙasa, mai kauri da mai a sama. Juya ta yana jawo tsagewa bayan shekaru, saboda na sama ya bushe na ƙasa yana motsi.

Yashi zai shiga, babu makawa. Kada ka tsince shi fenti na ɗanye, sai ka bar rami da tabo. Bari ya bushe, yawancinsa zai kakkaɓe da busasshen tsumma. Wanda ya rage ba aibu ba ne: zanen da Monet ya yi a gaɓar Trouville ta Faransa a 1870, wanda ke gidan adana zane na ƙasa a Landan, har yau da ƙwayoyin yashi a jikinsa.

Daina aiki da zarar ka ga kana gyara abin da ba shi ne jimlar da ka rubuta ba. Ɗauki hoto da waya idan kana so, amma ka sani kyamara tana baƙanta inuwa tana ƙone haske, don haka siffa kawai za ta tuna maka, ba launi ba. A bayan allon rubuta rana, awa, inda iska ta fito da matsayin ruwa. John Constable na Ingila, wanda ya yi ƙananan zane da yawa a gaɓar Brighton daga 1824, yakan rubuta irin wannan bayani a bayan aikinsa, kuma idan za ka gina babban zane a ɗaki daga ƙananan nan, rubutun zai dawo maka da abin da ido ya manta.

Don ɗauko ɗanyen allo, ko ka sami akwati mai tsagi, ko ka haɗa allo biyu masu girma ɗaya fuska da fuska, ka sa ɗan guntun toto a kusurwoyi huɗu, ka ɗaure da roba. Ruwan tsinka fenti da tsummoki duka su koma gida tare da kai, kada ko ɗigo ya zuba a rairayi. Kadmiyom guba ne, wanke hannu kafin cin abinci. Tsumman da ya sha man linsid yana iya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi a wuri ɗaya, saboda man yana fitar da zafi yayin bushewa. Shanya shi a buɗe ko ka nutsa shi a gwangwanin ƙarfe mai ruwa. Ɗauraye ƙafafun akwatin da ruwa marar gishiri, in ba haka ba ƙusoshinsa za su yi tsatsa su ƙi juyawa.

Ajiye zanen a ɗaki mai haske da iska, a jingine yana fuskantar bango da ɗan tazara don ƙura, amma ba a cikin duhun akwati ba, domin man linsid yana rawaya a duhu. Launukan ƙasa suna bushewa cikin kwana biyu ko uku, kadmiyom da farin da ka yi kauri da shi a kumfa suna iya kai mako biyu. Banish kuwa, wato shafen kariya mai ƙyalli da ake sa wa zane daga ƙarshe, sai bayan wata shida, idan fentin ya yi kauri sosai a jira shekara.